Ƙasar Tungar Baushe

Ku matso, yau ina da shari'ar da za ta hana ku cin tuwo da zafinsa.

An yi wata tsohuwa, Iya Lantana, haifaffiyar Tungar Baushe, garin da ruwan dam ya cinye tun tana amarya. Mutanensa suka watsu, ita kuwa abin da ta fito da shi ɗan gora ne cike da ƙasar ƙofar gidansu. Babban tsoronta shi ne ranar da aka binne ta a binne sunan garin tare da ita.

Sai wani kamfani ya yi shela a rediyo zai buga allon wasa irin na ludo, kowane gida da sunan gari, jama'a ne za su zaɓa ta waya. Iya ta ce wa jikokinta uku, Ilu da Haladu da Jummala, "Ni dai ko a bakin yara ne, in ji ana kiran Tunga kafin in tafi."

Kamfanin ya ce garin da ba shi da hoto ba ya shiga takara. Ilu masunci ya jira bazara ta ja ruwa, ya tuƙa kwalekwale ta cikin dorinai har inda kan tsohuwar kukar kasuwa ke leƙowa. Ya ɗauko hotonta, ya dawo da kwalekwale a fashe. Da hoton nan aka karɓi Tunga.

Haladu direba ne, ga surutu kamar an kunna rediyo, amma a nan surutun ya yi rana. Duk tashar da ya tsaya sai ya ɗaga murya da gaisuwar mutanen Tunga, "Ina ruwa?" Wanda ya amsa da "Ruwa na Allah," ya san ɗan gida ne. Haka ya tono su daga garuruwa, wasu da hawaye suka danna ƙuri'arsu. Tunga ta haura, har ya rage gurbi ɗaya, ita da Dogon Marke, gari mai kasuwa da jama'a ninkin ba ninki.

To, Jummala can Dogon Marke take aure, kuma mutanen garin taubasan 'yan Tunga ne tun kaka da kakanni. Ranar cika-ciki, da ake biyan abokan wasa kuɗin shara, ta tare dattawa a ƙofar masallaci ta ƙi karɓar ko sisi.

"Ku ba ku ji kunya ba," in ji ta, "kuna kokawa da garin da kada ke yi wa limanci? Bana ƙuri'a ce sharata."

Suka yi dariya har rawuna na zamewa. Shara kuwa ba a hana ta, suka juyar da ƙuri'unsu ga Tunga, ta samu gurbin.

Da allon ya iso, idon Iya ya riga ya dushe, sai aka ɗora mata yatsa a kan gidan. Wata tattaɓa-kunnenta ta jefa ɗan ludo, ta yi tsalle: "Na sauka Tungar Baushe!"

Iya ta ce, "Sannu da zuwa, 'yar nan. Ina ruwa?" Wallahi duk wanda ke wurin sai da ya share ido.

Ta sa aka ɗauko goran nan. Ta ce ƙasar ba ta rabuwa, hannu ɗaya za ta damƙa wa.

To, jama'a, Ilu, Haladu ko Jummala, wa za ku miƙa wa goran?