Iliya Jumare da Fasfon Ƙaninsa

A unguwar Moss Side da ke Manchester akwai wani direban bas mai suna Iliya Jumare, ɗan asalin Zariya. Ba mugu ba ne, ba kuma marowaci ba. Ciwonsa ɗaya ne, ji da kai. Tun ranar da ya karɓi fasfon Birtaniya, shi ke nan, babu wanda ya san ƙasar nan sai shi. In ana maganar haya shi ne masani, in ana maganar GP, wato likitan unguwa, shi ne likita, in kuwa aka zo kan dokar shige da fice, sai dai ka ja bakinka ka saurara. Har Hausawan unguwar suka laƙaba masa Lauyan Moss Side, gogan naku kuwa ya ɗauka yabo ne.

Su uku ne a ɗakinsu, shi ne babba. Ƙanwarsa Mero tana Balsall Heath a Birmingham, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Autansu Safwan kuwa yana arewacin Italiya, yana aikin ƙarfi a wata masana'antar tayil, da matarsa Inaya da 'yarsu ƙarama. Safwan yana yaro mahaifinsu ya rasu, Iliya ne ya riƙe shi, ya zame masa uba. Saboda haka duk duniya babu wanda Safwan yake jin maganarsa kamar Yaya. Burinsu duka ɗaya ne, wato ranar da Safwan zai samu fasfon Italiya ya tattaro iyalinsa ya dawo kusa da 'yan'uwansa, domin a lokacin mai fasfon Turai yana shiga Birtaniya ya zauna ya yi aiki ba tare da biza ba.

Ana nan sai aka sa ranar ƙuri'ar raba gardama, a kan Birtaniya ta zauna cikin Tarayyar Turai ko ta fice. Gari ya ɗauka. A bas, a masallaci, a coci, a layin kanti, babu zancen da ake yi sai na baƙi. Wasu na cewa sun cika ƙasa, wasu na cewa in babu su asibitoci ma ba za su buɗe ba.

Majalisar su Iliya a shagon askin Bobai take, wani mutumin Kudancin Kaduna mai yawan barkwanci. Duk Asabar shagon cika yake, kuma duk Asabar Iliya ne mai riƙe da fage.

"Ku saurare ni," in ji shi, yana buga gwiwa. "Mutum ya taso daga Poland ko Romania da 'yar jakarsa, ko Turanci bai iya ba, gobe ya samu aiki a warehouse, rumbun ajiyar kaya, jibi yana layin neman gidan gwamnati a council. Mu kuwa da kakanninmu suka yi wa ƙasar nan yaƙi, sai mun sha baƙar wahala kafin a ba uwarmu bizar ziyara. A fita kawai! Ana rufe wa masu fasfon Turai ƙofa, mu 'yan Commonwealth, ƙasashen renon Ingila, za a buɗe wa."

Bobai ya kashe injin aski ya dube shi ta madubi. "Lauya, kai kana jin in Bature ya ce baƙi sun yi yawa, ɗan Poland kaɗai yake nufi? Ka dubi fatarka fa."

"Ni British ne, Bobai."

"To, Allah ya sa fasinjojinka su sani."

Aka kwashe da dariya. Ran Iliya ya ɓaci, ya ƙara ƙaimi. Da ya gano cewa ɗaliban Najeriya ma suna da ikon jefa ƙuri'ar, sai ya mai da abin aiki. In ya je Birmingham wajen Mero, sai ya zarce Perry Barr inda ɗalibanmu suke haya, ya tara su yana kumfar baki. Wasu suka yarda da shi, wasu suka ci shinkafar da ya kawo suka yi gaba. Mero ta gaji ta tare shi.

"Yaya Iliya, rabin waɗanda nake aiki da su 'yan Turai ne, kuma wallahi ba su ci maka komai ba. Ka manta ƙaninka ma fasfon Turai yake jira?"

"Namu daban ne," in ji shi. "Ke dai ki yi ta wankin tsofaffinki, ki bar siyasa ga waɗanda suka san ta."

Aka yi ƙuri'a, masu son fita suka yi rinjaye. Iliya ya shiga shagon Bobai da ledar tsire yana rabawa kamar an yi masa haihuwa. A makon nan wani fasinja ya tsaya a bakin ƙofar bas ya dube shi ya ce, "Mun fa yi zaɓe, kai yaushe za ka koma?" Abin ya soke shi har zuciya, amma bai gaya wa kowa ba. Ya ce wa kansa ai mashayi ne.

Shekaru suka shuɗe ana ja-in-ja a kan yadda za a fita. Daga ƙarshe aka tsai da magana: duk mai fasfon Turai da ya shigo ya zauna kafin ƙarshen shekarar 2020 zai iya neman izinin ci gaba da zama, wanda ya makara kuwa sai dai ya bi sabuwar doka. Cikin kakar wannan shekarar, wata Lahadi bayan la'asar, wayar Iliya ta yi ƙara.

"Yaya, albishirinka!"

"Goro."

"Fasfon Italiya ya fito! Yaya Mero ta ce in yi maza in shigo kafin shekara ta ƙare. Duk da annobar nan ta korona jirage na tashi. Ka ba ni izini in taho."

Da farko farin ciki ya cika Iliya, har ƙwalla ta taru masa. Sai kuma fuskar Bobai ta faɗo masa a rai. Shekara da shekaru yana zagin masu fasfon Turai a gaban kowa, yanzu kuma a ga ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya shigo da irin wannan fasfon, yana neman aiki a warehouse? Ina zai sa kansa ranar Asabar? Gaskiyar magana ke nan, kunyar majalisa ya ji. Amma mai girman kai ba ya faɗa wa kansa gaskiya, sai ya lulluɓe abin da rigar shawara.

"Ka dakata tukuna," in ji shi. "Kada ka shigo cikin wannan ruɗani. Masu fasfon Turai nan gaba wulaƙanci za su sha. Bari sabuwar shekara ta kama, a buɗe wa 'yan Commonwealth, ka shigo da mutuncinka a matsayin ɗan Najeriya. Ni zan tsaya maka."

"Amma Yaya Mero ta ce in wa'adin ya wuce..."

"Me Mero ta sani? Ni da nake ƙasar nan tun kana firamare?"

Safwan ya ce, "To, Yaya. Yadda ka ce."

Da labari ya kai wa Mero, ba ta tsaya waya ba. Ta hawo jirgin ƙasa har Manchester, ta same shi a falo, ko mayafi ba ta cire ba.

"Yaya Iliya, ka ji tsoron Allah. Yaron nan ba shi da digiri, Turancinsa bai taka kara ya karya ba. Wannan ce kaɗai hanyarsa. Na ce ya taho ko a falona ya kwana, ya ce ba zai taka ƙasar da kake ba sai da yardarka. Kalma ɗaya ce, ka ɗauki waya ka ce masa ya zo."

"Kin zo gidana ki koya min doka?"

"Na zo roƙonka ne."

Ta durƙusa, tana kuka. Wallahi ko dutse ne ya ci ya yi laushi, amma Iliya ya kau da kai ya ƙura wa talabijin ido. A ransa yana jin wata murya na cewa ta fi ka gaskiya, sai ya danne ta. Ya ce a kawo mata abinci. Ba ta ci ba, ta koma Birmingham a ranar.

Sabuwar shekara ta kama, wa'adi ya wuce. Ba za a ce Iliya ya yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin 'yan Najeriya sun yi ta shigowa daga baya, amma su wa? Ɗalibai, da ma'aikatan jinya, da waɗanda wani kamfani ya tsaya musu. Sabuwar doka ba ta tambayar ko kakanka ya yi yaƙi. Tana tambayar wa zai ɗauke ka aiki, wane irin aiki, kuma ka ci jarrabawar Turanci? Iliya ya shiga zarya a ɓoye, daga wannan lauya zuwa wancan, lauyoyi na gaske. Kowa ya duba sai ya girgiza kai ya yi tambaya ɗaya: me ya hana shi shigowa bara? Ziyara dai zai iya zuwa, amma zama da aiki babu hali.

Duk da haka bai iya buɗe baki ya ce na yi kuskure ba. In Safwan ya kira ya tambaya, sai ya ce, "Ana kan yi, ka ƙara haƙuri." Safwan kuma ya ce, "To, Yaya."

Sai masana'antar tayil ta rufe. Safwan ya nemi aiki har ya gaji. Jamus ko Faransa bai san kowa ba, ga iyali, ga haya. Da bazara ta yi sai ya bar Inaya da yarinya ya gangara kudu wajen tsinkar tumatir, aikin da ya yi tun farkon zuwansa ya rantse ya bar shi har abada. Yanzu kuwa ba yaro ba ne, ga hawan jini, ga rana mai tafasa ƙwaƙwalwa.

Iliya yana hutun rana a tashar bas, ya buɗe kwanon abinci ke nan, Mero ta kira. Rabon da ta kira shi an daɗe.

"Safwan ya rasu," in ji ta. "Ya yanke jiki ya faɗi a gona. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mero..."

Ta kashe wayar.

Wanda ya fara zuwa masa ta'aziyya shi ne Bobai. Ya rufe shago ya zo ya zauna a ƙasa kusa da shi. Da ya ji yadda abin ya faru tun daga tushe, sai ya riƙe baki.

"Haba Iliya! Yana da fasfo tun kafin a rufe, ka hana shi zuwa? Ai da ka faɗa min, ɗakin da ke saman shagona babu kowa a ciki. Tsokanarka fa kawai muke yi. Kwana biyu za mu yi maka dariya mu manta."



Iliya da Mero suka tafi Italiya. A filin jirgi aka nuna musu layin baƙi, jami'i ya juya fasfon nan da yake alfahari da shi, ya tambaye shi me ya kawo shi, yaushe zai koma. Aka binne Safwan a wani ɗan lungu da aka ware wa Musulmi a maƙabartar garin da iyalinsa suke, mutanen da suka sallace shi ko sahu biyu ba su cika ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Iliya ya shiga yi wa Inaya gaisuwa. Ya shirya wa zagi, har so yake ta zage shi ko ya ji sauƙi. Ba ta zage shi ba. Tana zaune a kan darduma, 'yarta a cinya, ta yi magana a hankali.

"Yaya, ranar da ya kira ka, mun riga mun ɗaure kaya. Tikiti kawai ya rage. Yana ajiye waya ya durƙusa ya shiga kwance akwatuna da hannunsa. Na yi kuka, na ce mu tafi kawai, in mun isa ka ba shi haƙuri. Ya ce min, Inaya, Yaya ya fi mu sani, ba zai taɓa cutar da ni ba."

Ta share ido da gefen hijabi.

"Har ranar da zai tafi gonar nan haka yake cewa. Ya ce in ka kira in gaya maka kada ka damu, ya san kana iya ƙoƙarinka."

Nan Iliya ya sulale a bakin ƙofa, babban mutum da furfura, yana kuka kamar yaro, yana kiran sunan ƙaninsa. Mero tana tsaye a kansa, ba ta ɗaga shi ba.

Darasin wannan labari a fili yake. Kowa yana da ikon ra'ayinsa a kan siyasa, a zauna ko a fita, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne mutum ya ɗaure kansa da maganar da ya yi a majalisa, har ya fifita kare girmansa a kan ran ɗan'uwansa. Wanda ya shiga ƙasar mutane ya samu wuri, kada ya yi saurin nuna wani baƙo da yatsa, domin bai san ranar da nasa zai tsaya a bakin wannan ƙofar ba. Kai kuma babba, in ƙannenka suna bin maganarka ido rufe, ka sani amana ce aka ɗora maka, ba sarauta ba. In ba ka sani ba ka ce ban sani ba, in ka yi kuskure ka janye tun da sauran lokaci. Dariyar mutane tana wucewa, amma wanda aka binne ba ya dawowa ya ji ban-haƙurinka.