Malafar Sarki da Tsohon Zanen Tasalla

An yi wani sarki a wata ƙasa da ke bakin hamada, ana ce masa Sarki Mamuda, mutum ne mai haƙuri da tsoron Allah, wanda in talakawansa suna cikin ƙishirwa shi ma ruwa ba ya yi masa daɗi a baki. Wata shekara rijiyoyin birni suka ja baya, har mata suka riƙa wuni a bakin rijiya suna komawa gida da rabin tulu, sai sarki ya yi umarni a haƙa babban tafki a bayan gari kafin damina ta faɗi, ya kuma yi alkawari a gaban jama'a cewa shi da kansa zai riƙa tsayawa a kan aikin har a gama.

To amma sarkin nan yana da ciwon ido, da ya shiga rana sai idanun su kaɗa su yi ja su kama zubar da hawaye, wurin aikin kuwa farin yashi ne fetal babu bishiya ko ɗaya, ga shi ana tsakiyar bazara. Fadawa suka ce a riƙe masa laima, ya ce shi ba zai sa ƙato guda ya wuni yana riƙe masa inuwa ba, alhali hannun ƙaton ya fi amfani a cikin rami. Saboda haka aka yi shela cewa duk mai saƙar malafa ya saƙo wadda ya ga ta dace ya kawo fada.

A can ƙarshen gari akwai wani mai saƙar malafa, sunansa Nomau, yana zaune da matarsa Tasalla, aurensu bai fi shekara da 'yan watanni ba. Ita Tasalla Allah ya yi ta da kunya, ko da mijinta take magana kanta a ƙasa yake, sai dai idonta ba ya barin komai ya wuce shi. Tana zaune gefe tana tsince wake ta ga yadda Nomau ya jiƙa kaba ya tsaga ta siri-siri, ta ga yadda ya kife ƙwarya ya naɗa mata rawani ya auna, domin malafar sarki a kan rawani take zama, kan sarki kuwa ba mai taɓa shi da sunan awo. Ya sassauta saƙar ƙoƙon don iska ta riƙa ratsawa, ya yi wa bakin faɗin da zai rufe ƙeya da kafaɗu, bai wuce haka ba don kada iska ta riƙa fizgarta, sannan ya ɗaura mata igiyar haɓa ta auduga mai laushi.

Ran da ya gama, yana juya ta a hannu yana jin daɗi, sai Tasalla ta ce a hankali, "In ba za ka ji haushi ba, in faɗi wani abu?"

Nomau ya ce, "Ke Tasalla, yaushe kika taɓa faɗin abin haushi? Ke da sai na daina numfashi kafin in ji muryarki. Faɗi mana."

Ta ce, "Ranar da ke saukowa daga sama ka tare ta. Wadda ke tasowa daga ƙasa fa? Baba masunci ne, na sha jin yana cewa hasken da ke dukan ruwa da farin yashi ya dawo, shi ya fi cin ido. In cikin malafa fari ne, sai ya ƙara tara wa mutum hasken a fuska. Shi ya sa Inna take ɗinka masa baƙin ƙyalle a ciki."

Nomau ya ce, "Wallahi shekara goma sha biyar ina saƙa, wannan bai taɓa zo mini ba. Bari in je kasuwa in samo sabon baƙi mai sheƙi."

Ta girgiza kai, ta ce sabon rini zuba yake yi in ya ji gumi. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon zanenta na shuni, wanda ya sha wanki har ya yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Nomau ya zaro ido ya ce, "Zanen mace a kan sarki?" Ta ce ai ta wanke shi sau uku ta turara, kuma shi kaɗai ne a gidan ta tabbata ba zai zuba ba. Ta yanka ta ɗinka shi a cikin malafar da ƙananan ɗinki, ta bar gefen zanen a baki-baki domin nan ya fi ƙarfi, ba ya warwarewa. Ba ta tuna ba cewa a gefen nan ne ake yin ɗan adon ja da kowa ya sani na zanen mata ne.

Aka tara malafu a fada, aka yi ta tacewa har suka rage uku. Ta farko an lulluɓe ta da jar fata an kafa mata gashin jimina. Ta biyu faɗinta kamar faifai uku, an shimfiɗa mata sabon turkuɗi, yadin nan mai rinin shuni, a ciki yana ta walƙiya. Ta uku ita ce ta Nomau. Sarkin Fada ya ɗauke ta ya kifa, ya ga ɗan adon nan ja, sai ya yi salati da ƙarfi ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, wannan mutum tsumman zanen matarsa ya kawo a ɗora maka a ka! In ba raini ba ne, to asiri ne. Hukuncinsa a ƙone kabarsa a kore shi daga ƙasar nan, shi da iyalinsa."

Nomau, da ke durƙushe a gefe, ya zube a gaban sarki. Sarki ya dubi malafar ya daɗe, sannan ya juya ga wazirinsa, wani dattijo mai suna Zubairu, ya ce, "Waziri, ga mas'ala biyu na ɗora maka, amma ina zaton igiya ɗaya ta ɗaure su. Ka zaɓa mini malafar da zan sa, ka kuma faɗa mini abin da ya cancanci wannan bawan Allah. Kafin nan a tsare shi, kada a taɓa lafiyarsa."

Da labari ya kai wa Tasalla, sai ta zauna a bakin murhu tana kallon ragowar zanen. Ita da ba ta taɓa wuce kasuwa ita kaɗai ba, ta ja mayafi ta yi ta tambaya har ta isa ƙofar gidan Waziri. Aka shigar da ita zaure ta durƙusa, ta gaishe shi, ta sunkuyar da kai ta ƙura wa tabarma ido.

Waziri bai gaggauta ta ba. Ya sa aka kawo mata ruwa, ya ce, "Sha, 'yata. Ni tsoho ne, ba inda za ni. In kin ga dama ki gaya wa tabarmar nan, ni zan ji daga gare ta."

Ta ɗan yi murmushi cikin hawaye, ta dubi tabarmar, ta ce, "Ranka ya daɗe, ba shi ba ne, ni ce. Shi sabo ya so ya saya, na hana." Ta kwashe zancen mahaifinta da hasken yashi da zubar rini ta faɗa, tana yi tana tsayawa.

Waziri ya shafa gemu ya ce, "Na gaskata ki, amma gaskatawata ba hujja ba ce a fada, za a ce tsoho ya ji kukan yarinya zuciyarsa ta yi sanyi. Kuskurenmu shi ne mun zauna cikin inuwar soro muna yi wa malafa shari'a. Ki je gida ki ci abinci. Gobe ki fito bayan gari ki tsaya daga nesa."

Waziri ya roƙi sarki kwana uku, aka ba shi. Ran farko ya naɗa farin rawani ya ɗora mai jar fata, ya tsaya a kan tsibin yashi tun hantsi. Tasalla tana daga nesa cikin matan da ke kai wa masu haƙa fura, ta ga tun kafin azahar dattijon ya fara tallafe wuyansa da hannu, gumi yana bin gemunsa, domin fata ta toshe iska, nauyi kuma ya danne shi. Rana ta biyu ya sa mai faɗin nan, sau biyu iska tana fizge ta tana jefa ta cikin rami ana ɗauko masa, da ya cire ta kuwa lokacin salla sai masu haƙa suka sunkuyar da kai suna danne dariya, don rawani da goshi da gefen gemu duk sun rine shuɗi. Wani tsoho a cikinsu ya kasa haƙuri ya ce, "Ranka ya daɗe, marina ka biyo?" Waziri ya yi dariya ya ce a ajiye masa rawanin nan yadda yake, kada a wanke.

Rana ta uku ya sa ta Nomau. Tasalla ta kasa tsayawa wuri ɗaya, ta sauke ƙwaryar fura ta ɗauka ya fi sau biyar. Azahar ta yi, Waziri ya yi salla ya koma ya tsaya, ba ta ga ya kare ido da tafin hannu ko sau ɗaya ba. Har la'asar yana nan yana zagayawa yana yi wa mutane sannu da aiki. Da zai tafi ya biyo ta kusa da inda take, bai dube ta ba don kada ya ba ta kunya a cikin mutane, ya dai ce kamar da kansa yake, "Gobe da hantsi a zo fada."

Fada ta cika, aka fito da Nomau, Tasalla ta raɓe a bayansa ta ja mayafi har goshi. Waziri ya shimfiɗa rawuna uku a gaban sarki, ɗaya ya jiƙe ya yi jirwaye, ɗaya shuɗi, ɗaya fari tas, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, malafa ta farko an yi ta ne domin idon mai kallo, ta biyu domin sunan mai saƙa, ta uku kuwa domin idon mai sawa. Na tambayi rana, na tambayi iska, na tambayi gumi, duka ukun sun ba da shaida iri ɗaya. Game da zane kuma, ban ga raini ba, ban ga asiri ba. Na ga mutanen da suka duba gidansu kaf, suka ɗauko abin da suka tabbata ba zai ɓata maka rawani ba."

Sarkin Fada ya ce, "Duk da haka, Waziri, zanen mace ne. Martabar sarauta fa?"

Sarki ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Sarkin Fada, ka yi kishin martabata, na gode maka. Amma ni da kai da duk wanda ke zaune a nan, a cikin zanen mace aka fara naɗe mu, da shi aka goya mu, da shi aka kare mu daga rana tun ba mu san sunanta ba. Ban ji an ce ya rage wa kowa daraja ba." Ya miƙa hannu aka ba shi malafar, ya ɗora a kan rawaninsa, ta zauna daram kamar an auna. Ya ɗaura igiyar da kansa.

Sannan ya sassauta murya ya ce, "Ke baiwar Allah, an ce hikimar taki ce. Roƙi abin da kike so."

Tasalla ta yi magana, ba wanda ya ji. Waziri ya matsa ya kara kunne, sai aka ga kafaɗunsa suna rawa. Ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, ta ce a sallami mijinta su tafi gida. Wai kwana huɗu ke nan, ta san bai ci abin kirki ba, don ba ya iya cin tuwon da ba nata ba."

Fada ta ɗauki dariya, Nomau ya rufe fuska da hannun riga, sarki ma ya yi dariya har ya share ido. Ya ce, "An sallame shi. Amma in ya ƙoshi ya dawo, domin akwai mutum ɗari uku a cikin ramin can, idonsu bai fi nawa ƙarfi ba. Shi zai shugabanci masu saƙa a yi wa kowa tasa, ke kuma ki nuna wa mata irin ƙyallen da za su ɗinka." Ya ba su fili a gefen tafkin su gina gida, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ce ladan wuni uku cikin zafin rana ne da tsufansa, don kada a zalunci mutum ɗaya.

Suka fito, Nomau yana gaba Tasalla tana biye. Sai da suka bar ƙofar fada ya rage tafiya har ta cim masa, ya ce, "To, me za a dafa?" Ta ce, kanta a ƙasa, "Na riga na jiƙa gero tun da safe."

Masu hikima suka ce daga wannan hikaya, mai mulki adali ba ya yanke hukunci a kan abu sai ya kai shi inda aka yi shi domin ya yi aiki, ba ya kuma yanke wa mutum sai ya san niyyar da ta motsa hannunsa.