Bokitin Iya Myrtle

Akwai wani magidanci a garin Moorhead na ƙasar Amurka mai suna Gunnar. Mutumin kirki ne, sai dai in ya sayi abu sabo, unguwa ba ta shan ruwa da labarinsa.

Wata shekara ya canja famfo, wanda ke zaune cikin rami a ɗakin ƙarƙashin gida yana zuƙe ruwan da ke tsattsafowa ya watsar waje. A ɗakin nan matarsa Lorna ke ɗinka rigar auren 'yarsu, doguwa har tana jan ƙasa, ga biki saura sati ɗaya.

Ƙanƙarar lokacin sanyi ta fara narkewa sai ga maƙwabciyarsu, tsohuwa Myrtle, da kwanon gasasshen dankali a hannu ɗaya, bokiti a ɗayan.

"Ɗan nan, ka shayar da raminka kuwa?"

Al'adarta ce duk watan Maris ta zuba wa rami ruwa, ta ji famfo ya tashi.

Gunnar ya yi dariya. "Iya, nawa sabo ne fil. Naki ai ya girme ni."

"Ya girme ka, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Matsa mini."

Ya bar ta ne kawai don ta ji ƙarar sabon inji ta yi shiru. Ta juye bokiti ɗaya, ba motsi. Ta ƙara na biyu, na uku. Ruwa ya taso har bakin rami, famfo ko tari bai yi ba. Gunnar ya waiwaya ya kalli farar rigar.

Myrtle ta naɗe hannun riga ta laluba. Ashe ƙwallon robar da ruwa ke ɗagawa ya kunna injin yana nan ɗaure da zaren da kamfani ya ɗaure shi cikin kwali. Ta miƙa wa Lorna hannu.

"Ara mini almakashinki."

Tana yanke zaren, famfo ya ɗauka.

Kwana biyu bayan nan aka kwarara ruwan sama kan ƙanƙara. Gunnar na shan kofi, yana jin famfo na aiki a ƙasa, daɗi ya cika shi. Amarya ta shiga coci da rigarta a bushe.

Tun daga ranar, duk Maris shi ke ɗaukar wa Iya Myrtle bokitinta, a fara da raminta, sannan nasa.

Darasi: Sabo ba ya hana gwaji, kuma wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Ku tura wa duk wanda ke cewa "nawa sabo ne".