Tsintuwar da Ba a Yi Wa Cigiya Ba

Akwai wani manomi, matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk sun watse birane. Ba shi da gonar kansa, sai wata tsohuwa, Iya Afiniki, ta ba shi aron gona a kufan garin kakanninta. Abin da ya rage masa na jin daɗin duniya shi ne ranar gayya: yau a taru a yi wa wannan noma, gobe wancan, a sha kunu, a yi ta tsokanar juna.

Wata rana yana huɗa, garmarsa ta bugi wani abu, ƙwas! Ya tona, sai ga tulu an liƙe bakinsa da laka. A ciki mundayen azurfa ne da murjani, irin na mutanen da.

To, al'adar garin ba wanda bai san ta ba. Wanda ya yi tsintuwa ya kai wa mai unguwa a yi cigiya. In mai abu ya fito, ya ba da tukwici; in shekara ta zagayo shiru, abu ya zama na mai tsintuwa. Amma manomin ya ce a ransa, "Gumina ne ya tono shi. In na buɗe baki, tsohuwar nan za ta ce ƙasarta ce, ta sallame ni da goro biyu."

Sai ya kafa bukka a gonar, ya binne tulun a ƙarƙashin tabarmarsa. Da gayyarsa ta zo, ya aika ya ce ya yafe, kada idon wani ya gani. Ta wasu kuwa ba ya zuwa, wa zai bar wa bukka? Zuwa sujada a majami'a ma ya daina. Maƙwabta suka zo duba shi, ya tare su tun daga bakin gona, fuska a ɗaure, har suka haƙura.

Damina biyu yana nan. Ya dafa shi kaɗai, ya ci shi kaɗai. Ran Lahadi iska takan kawo masa waƙar mata daga majami'a, ya zauna yana saurara, kewa ta dame shi. Munduwa kuwa ko ɗaya bai iya sayarwa ba, don maƙeri zai tambayi inda ya samo ta. Kai, wauta ba ta da magani!

Ran nan da hantsi sai ga Iya Afiniki tana dogara sanda, tare da ɗan ƙaninta, magidanci mai haƙar ma'adinai. Yana riƙe da na'urar nan da ke kuka in ta ji ƙarfe a ƙasa. Suka bi gonar kunya bayan kunya, shiru. Suna isa bakin bukka, na'ura ta fasa kuka.

Manomin da kansa ya ɗage tabarmar. Ya ce, "Iya, ni na fara ganinsa."

"Yaushe, ɗana?"

"Damina biyu ke nan."

Tsohuwar ta ce, "Kayan mahaifiyata ne. Ta binne su shekarar da aka gudu daga garin nan, ta rasu ba ta nuna wa kowa wurin ba. Bara na miƙe a gaban jama'a bayan sujada, na ce duk wanda ya kawo mini tulun nan in gani kafin in mutu, gonar ta zama tasa har jikokinsa. Kai nake nufi, ai kai ke noma ta. Na dubi inda ka saba zama a majami'a, ba kowa."

"Ba wanda ya gaya mini, Iya."

"Mutum uku na aiko maka. Ka kore su."

Ba ta zage shi ba, ba ta kai shi ƙara ba. Ɗan ƙanin ya saɓa tulun suka tafi, bayan kaka kuma ta ba ɗan ƙanin nata gonar. Manomin ya fita da garmarsa a kafaɗa, ya rasa ko mutum ɗaya da zai gaya wa abin da ya same shi.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Gonar aro ita ce rayuwarmu, Allah ne mai ita. Tulun kuwa shi ne duk alherin da muka tarar a hannunmu, ba mu muka ajiye ba. Muna ɓoye shi don muna tsammani Ubangiji zai ƙware mu, alhali abin da ya shirya mana ya fi wanda muke ɓoyewa nesa ba kusa ba. Muryarsa kuma sau da yawa ta bakin ɗan'uwa take zuwa. In akwai abin da kake zaune a kansa, har ya sa ka daina amsa sallama, ka fito da shi yau, tun masu sallamar ba su gaji ba.