Asusun da Asenaca Ta Ba da Aro

A garinmu Savusavu, a ƙasar Fiji, akwai wata mata mai suna Asenaca, mai yin sabulu da man kwakwa tana sayarwa ta intanet. Sabulunta na da kyau, har daga Ostireliya ake saye, kuma mata huɗu na unguwarmu ke goge mata kwakwa suna tatsar mai. Aibinta ɗaya ne: ba ta iya ganin ko senti ya fita daga hannunta, ko da haƙƙin wani ne.

Duk wanda ya saya da katin banki, kamfanin da ke karɓar mata kuɗi yakan cire ɗan kamasho kafin sauran ya shiga asusun kasuwancinta. Wannan cirewar ta tsaya mata a rai.

"Ni ke shan zafin wuta, su suna zaune cikin sanyi suna yankar rabonsu," in ji ta ga yayanta Waisake, direban tasi.

Ya yi dariya. "Ke ko kaza ce ta tsinci ɓarɓashin kwakwa a ƙofarki sai kin kai ta ƙara. In ba su, wa zai kawo miki kuɗin mutanen waje? Kifi?"

Wata rana wani Bature mai suna Trent, wanda ya zo da ƙaramin jirgin ruwansa, ya tsaya a rumfarta. Ya ce yana sayar da magungunan itatuwa ta intanet, amma banki ya ƙi buɗe masa asusu. In ta yarda masu sayensa su riƙa biya ta nata, zai ɗauke mata kamashon duka, ya ƙara mata da wani abu. Asenaca ta san kamfanin ya haramta haka, amma ta amince.

"Mutumin da banki ya ƙi, ke ce za ki karɓa?" Waisake ya tambaye ta.

"Yaya, ka ji da tasinka."

Aka yi watanni kuɗi na shiga, tana tura wa Trent nasa. Ran nan tana zuba sabulu a mazubi wayarta ta yi ƙara. Muryar wani tsoho ce, mai rawa.

"'Yata, sunana Desmond, daga Toowoomba ta Ostireliya. Sunan shagonki da lambarki na gani a takardar bankina. Maganin matata Glenys bai iso ba. Shafinku na intanet ya ce yana kashe ciwon daji, har ta bar zuwa asibiti tana jiransa."

Asenaca ta gane maganin Trent yake nufi. Ta san abin da ya kamata ta ce: Baba, ka mai da ita asibiti yau. Amma in ta faɗa, asirinta ya tonu.

"Yana hanya, Baba. Ka ƙara haƙuri."

Ta nemi Trent, wayarsa a kashe. Ta sauka bakin ruwa, jirginsa ba ya nan.

Tsohon ya ci gaba da kira, ita kuma tana maimaita masa magana ɗaya. Har ya taɓa miƙa wa matar tasa waya suka gaisa. Sannan sauran waɗanda aka cuta suka kai kuka bankunansu. Kamfanin ya rufe asusun, ya riƙe abin da ke ciki, ya sa sunan Asenaca cikin waɗanda ba a sake buɗe wa asusu. Matan huɗu suka koma gida babu aiki.

Bayan haka Desmond ya sake kira.

"Glenys ta rasu. Ba faɗa na kira in yi ba. Takan ce, 'Yarinyar nan ta Fiji muryarta ta masu gaskiya ce, zai zo.' Ki gaya mini abu ɗaya, 'yata. Akwai maganin kuwa?"

Ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ya daɗe yana jira, tana jin numfashinsa. Can ya ce, "To, na gode," ya ajiye waya.

Yanzu Asenaca tana kasa sabulunta a kan tebur a kasuwa, hannu da hannu. Ba ta riƙe waya. In ta wani ta yi ƙara kusa da ita, sai ka ga ta ƙame, idonta a ƙasa, har sai an amsa. A coci ba ta zama kusa da tsofaffin maza. Waisake ya taɓa saya mata sabuwar waya, ta mai da masa ba ta ko buɗe kwalin ba.

"Ai tsohon nan ya ajiye waya tuntuni, Asenaca," in ji shi.

Ta girgiza kai. "Bai ajiye ba, Yaya. Yana nan yana jira in ba shi amsa."

Mai karatu, ɗan abin da ake cirewa a cinikinka haƙƙin aikin da aka yi maka ne, ka biya shi da daɗin rai. Asusun da ke ɗauke da sunanka amana ce, kada ka ara wa wanda ba ka san abin da yake sayarwa ba. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya tun tana iya ceton wani, domin asarar dukiya takan wuce, amma ran mutumin da ƙaryarka ta salwantar ba ya barinka.