Waken Jan Fure da Goran da Ya Koma Fanko

A gindin wani dutse akwai wani manomi da ya gaji irin wake daga mahaifinsa. Wake ne mai jan fure, mai hawa danga, wanda tsohon ya sauko da shi daga kan dutse a cikin gora. Duk ƙasar babu mai irinsa sai gidan nan. Kowace damina manomin yakan shuka shi a bayan ɗaki, da kaka ya cika goran da sabon iri, ya rataye.

To, waken nan ba ya 'ya'ya sai wani ɗan tsuntsu mai dogon baki ya zo shan zaƙin furensa. In ya tsoma baki a wannan fure, garin furen ya manne masa, ya kai wa na gaba. Tsuntsayen kaɗan ne, amma ba su san wani fure ba sai wannan, saboda haka waken yakan yi 'ya'ya daidai gwargwado.

Daidai gwargwadon nan ne bai ishi manomin ba. Ya ce a ransa, "In tsuntsaye suka yi yawa, wake zai yi yawa." Sai ya nemo furanni iri-iri, fari da rawaya da shuɗi, ya kewaye dangar da su. Kuma don ganin zai yi babbar kaka, ya juye goran kaf a ƙasa, ko ƙwaya bai rage ba. Kai, ɗan Adam!

Tsuntsaye kuwa suka zo, har daga wasu ƙauyuka. Masu wucewa suna tsayawa kallo.

Wata safiya matarsa tana shara ta ce, "Maigida, furen waken nan zuba yake yi, ban ga kwanso ko ɗaya ba."

Ya ce, "Haba, ke ba ki ga tsuntsaye ba? Yi shararki."

Bai san kowane tsuntsu sai ya zaga fari, ya zaga rawaya, kafin ya iso kan waken ba. Garin da yake kawowa na wasu furanni ne, shi yake toshe bakin jan furen. Garin furen waken kuma yana ƙarewa a kan furannin da ba ruwansu da shi.

Ruwa ya ɗauke. Waken ya bushe a jikin danga. Mutumin ya bi shi reshe-reshe yana lalube, bai sami kome ba. Ya sauko da goran mahaifinsa ya girgiza, shiru. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, gama irin ya ƙare a hannunsa, babu kuma inda zai je ya roƙo.

Ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa. Waken shi ne bangaskiyar da iyayenmu suka ba mu. Tsuntsun shi ne kunnenmu da hankalinmu. Furannin nan masu kyau su ne muryoyin da muka tara wa kanmu: mai annabci a waya, mai sayar da man albarka, mai duba a bayan gari, kowa muna leƙa shi. Ran Lahadi sai mu iso nan da ƙurar kowa a jikinmu, Maganar Allah ta rasa inda za ta kama. Abin da muka ji a nan kuma, kafin Litinin mun zubar a wani wuri.

Ina gaya muku, abin nan yana ci mini rai. Majami'armu ta cika, har mun ƙara benci, mawaƙa sun yi sabon anko. Amma na shiga gidajenku da yawa a bana, na tambayi 'ya'yanku wa yake addu'a da su, suka dubi juna. Manomin nan ma ya ga taro har ranar da ya girgiza goran. Ku koma gida yau ku girgiza naku. Ina tsoron da yawa a cikinmu ba za mu ji kome ba.