Sarkin da Ya Tafi Ba Rakiya

A zamanin da, can a tsibiran Japan, an yi wani sarki ana ce masa Kiyonaga. Ƙasarsa ba wata babba ba ce, kwari ne guda tsakanin duwatsu, ba abin da ke cikinta sai shinkafa da itacen katako da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Ya hau gadon ubansa tun gemu bai tsiro masa ba. Ya yi yaƙi biyu, ya ci ɗaya, ɗayan kuwa da ƙyar ya sha. Daga nan duniya ta lafa, sarakunan tsibiran duka suka koma ƙarƙashin wani babba da ake kira Shogun.

Shi Shogun ɗin nan ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Kowane sarki sai ya shekara a birnin Shogun, ya shekara a gida, magajinsa kuwa can birnin zai zauna, a baki baƙo, a gaskiya jingina. Ƙasar da duk ta rikice bayan mutuwar sarkinta, sai Shogun ya miƙa hannu ya ɗauke ta ya ba wani. Kiyonaga ya tsufa cikin wannan kai da kawo, yana haƙa magudanan ruwa, yana dasa itatuwa, bai taɓa ba Shogun ƙofa ba.

To, mutanen nan suna da wata al'ada, mu dai sai mu ce Allah ya tsare. In sarki ya mutu, manyan fadawansa sukan sa fararen kaya, su zauna bisa tabarma, su kashe kansu, wai rakiya. A jera kaburburansu kewaye da nasa. Yawan masu rakiya, yawan girman sarki. Wanda ya tafi shi kaɗai kuwa, har jikokinsa sai an yi wa gori.

Da ciwon ajali ya kama Kiyonaga, sai ya duba ya ga inda za a yi ɓarna. Ɗansa, Yarima Tokimaru, a birnin Shogun ya girma. Ya iya waƙa, ya iya gaisuwa, amma bai san gonar da ruwa ke fara ci ba. In dattawa suka bi sarki, ƙasa ta zama ta Shogun ke nan. Sai ya tara fada ya ce, "Ku saurara. Na hana rakiya. Kada wanda ya bi ni."

Madaki Gonroku, wani ƙato mai murya kamar ganga, ya sa goshi a ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, kowane sarkin kirki haka yake faɗa. Mahaifinka ma ya hana, aka bi shi. Mun ji, mun gode da karamci."

Ka ji fa. Hanin ma ya zama kwalliya.

Sarki ya dubi Waziri Magobe, abokin tasowarsa, wanda ba a taɓa jin kansu ba. Ya ce, "Waziri, kai ne ka san al'ada ciki da bai. Akwai wanda rakiya ta haramta a gare shi?"

Waziri ya ce, "Akwai, ranka ya daɗe. Wanda ubangijinsa ya kora, ya mutu yana fushi da shi. Irin wannan in ya kashe kansa ya ƙazantar da kabari, sai a jefa gawarsa a rafi, a kori iyalinsa."

Sarki ya ce, "To," ya juya ya fuskanci bango.

Tun daga ranar aka rasa gane kansa. Ma'aji ya taka gefen tabarma, sarki ya ce raini ne, aka karɓe takubbansa biyu, aka kore shi. Mai kula da magudanan ruwa ya yi tari a fada, aka aske masa tukku a gaban yaransa. Madaki kuwa, laifinsa wai dokinsa ya yi haniniya sarki na barci. Ya fita yana huci, yana rantsuwa ko gawar sarki ba zai kalla ba. Gari ya ɗauka: ciwo ya taɓa wa sarki kai, ashe da ma mugu ne, ƙarfi ne ya ɓoye shi.

Da ya rage saura Waziri, sai ya shiga wurin sarki da hantsi, ya tarar da shi shi kaɗai yana kurɓar shayi. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na gane. Da bakina na ba ka wuƙar."

Sarki ya ce, "Ai na san za ka gane, Magobe. To ka san sauran. Ranar da aka ji fushin nan na ƙarya ne, sun koma amintattu, al'ada ta hau kansu, sai sun mutu. Muddin ɗayansu na numfashi, ni azzalumi ne. Ko ɗana ya tambaye ka, haka za ka ce."

Waziri ya ce, "Sunanka fa? Kabarinka zai tsaya shi kaɗai kamar na ɓarawo."

Sarki ya ce, "Suna ba ya tare ruwa in rafi ya kawo. Ka shirya, naka wulaƙancin sai ya fi na kowa, don kai ne za a fi zargi."

Haka kuwa aka yi. A gaban fada sarki ya jefe shi da kwanon shayi har goshinsa ya fashe, ya sa aka karya takobinsa, aka tura shi gadin wata madatsar ruwa a ƙarshen ƙasa. Ba a jima ba sarki ya cika. Ko mutum ɗaya bai sa fari ba.

Manzon Shogun ya iso da shirin karɓar ƙasar da ba masu riƙo, sai ya tarar da dattawa ras, kowa da fushinsa, kowa da saninsa. Yarima ya dawo gida ya mayar musu da muƙamansu, suka kama aiki da zuciya ɗaya, don su nuna wa mamaci ya yi asara. Manzo ya zaga bai ga ɓaraka ba, ya tabbatar wa Tokimaru sarauta, ya koma.

Rannan sabon sarki ya keɓe da Waziri ya ce, "Baba Magobe, kai ka fi kowa saninsa. Me ya sami mahaifina?"

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba abin da ya same shi, ranka ya daɗe. Azzalumi ne." Wallahi maganar nan ta fi masa fashewar goshi ciwo, amma ya faɗe ta, kuma ya yi ta maimaita ta duk sa'ad da aka tambaya.

Shekaru suka tura. Dattawa suka yi ta mutuwa ɗai-ɗai bisa shimfiɗunsu, jikoki na kewaye da su. Sai Madaki, shi fa ya ƙi mutuwa. Haƙora suka zube, ido ya tafi, amma kullum safiya sai ya tsine wa Kiyonaga kafin ya karya. Waziri kuwa na can yana lallaɓa ransa, yana shan jiƙe-jiƙe, yana aikawa a gano masa jikin Madaki, mutane na cewa kai, dubi zumunci.

Ranar da aka binne Madaki, Waziri ya sa aka ɗauke shi a kan makara irin ta masu rai, aka kai shi fada. Ya faɗi labari tun daga tambayar har jifa da kwano, bai rage komai ba. Sarki Tokimaru, wanda shi ma furfura ta fara masa, ya rufe fuska da hannun riga ya yi kuka, don tun da ya hau mulki bai taɓa taka kabarin ubansa ba.

Can ya ɗago ya ce, "To kai fa, Baba? Yanzu al'ada ta hau kanka."

Waziri ya ɗaga hannuwansa biyu suna karkarwa, ya ce, "Da wanne? Ko tsinken cin shinkafa sai an riƙe mini."

Sarki ya sa aka yi shela a soke rakiya a ƙasarsa har abada, aka kuwa ji, don yanzu kowa ya san abin da aka biya. Sa'an nan aka ɗunguma zuwa kabarin. Ciyawa ta kai ƙirji, sarki ya tuɓe babbar riga ya shiga tuge ta da hannunsa. Aka sauke Waziri a gefen dutsen, ya dafa shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ni. Na makara, amma kai ka sa."

Nan masu ba da labari suka tsaya, mu ma ba mu da abin ƙarawa.